Yardar Inna Atu

Ranar da kamfanin Rumfar Zinariya ya ɗauki Mu'awiya aiki, an ba shi riga mai tambarin kamfani da kati mai hotonsa wanda ake ratayawa a wuya da igiya shuɗiya, kamar ragon da aka riga aka saya ana jiran mai shi. Unguwa ta yi murna. Kamfani ne babba, uwar ofishinsa tana Abuja, sana'arsa ya sayi fili a bakin titi, ya gina jerin shaguna da ɗakunan ajiya, ya zuba 'yan haya. Ba wanda ya tsaya ya tambayi dalilin da ya sa reshen Tambuwal ya tsallake masu digiri ya ɗauki mai difloma. An ce rabo ne. Rabon nan kuwa yana da ido, ya san gidan da ke kallon kwaltar Sakkwato.

Kowace safiya kafin a zauna, sai ma'aikata sun yi da'ira a tsakar ofis. Manaja Abdulhakeem, wani ɗan birni mai turare, zai ɗaga hannu ya ce, "Mu su wane ne?"

Su amsa da tafi, "Iyali ɗaya!"

Daga nan sai uban iyalin ya fara bin 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya yana tambayar wanda ya kawo fili da wanda ya zo shan iskar fanka.

"Mu'awiya, kai fa har yanzu na wucin gadi ne. Ka san ƙa'ida. Wanda bai kawo fili ba bai gama shiga iyali ba."

"Ranka shi daɗe, ai na kai ka wani fili Dogon Daji."

"Wanda sai an tsallake kwari? Jakuna zan ba hayar shago?" Aka yi dariya, don dariyar manaja tana cikin aikin da ake biya. "Ni kullum ta ƙofar gidanku nake wucewa. Gaba mai faɗi, ga tasha kusa. Ka yi tunani. Ba na son in rasa ka, wallahi."

Gidan da yake nufi an raba gadonsa tun rasuwar mahaifin Mu'awiya. Ɓangaren baya ya faɗa wa Mu'awiya da ƙanwarsa Mu'minatu da ke aure Kebbe. Tumunin uwarsu, Inna Atu, ya faɗa a gaba: ɗakinta da ɗan filin da take ɗaure saniyarta. Lokacin rabon ba mai son gaban, saboda ƙarar tireloli, shi ya sa aka yi wa tsohuwa alheri da shi. Yanzu kuwa ɓangaren bayan ba shi da amfani ga kamfani in babu gaban. Shago ba ya juya wa titi baya.

Da farko Abdulhakeem ya yi abin da aka koya masa a kwas. Ya ce mace ita ke shawo kan mace, ya aika wata ma'aikaciya, Ni'imatu. Ta iske Inna Atu tana dama fura bakin ƙofa.

"Zamna, ɗiyata, ki sha. Ke ɗiyar wa ta?"

Ni'imatu ta faɗi, ta sha furar, sannan ta jero abin da aka haddace mata: ci gaba, zamani, sabon ɗaki a bayan shaguna, da tayil da fanka.

Inna Atu ta bari ta kai aya. "Kin ƙare? To saurara. Wanga ɗaki nan anka kawo ni amarya, nan nih haihu, nan anka yi ma mai gidan ga wanka. Fankar mi? Ni da Allah ya ba iskar ƙofa kyauta. Ba ni saidawa, ba ni musanya, ba ni aro. In oganku shaguna shika so, shi tafi shi rushe ɗakin uwatai, ta fi kusa da shi. Ƙara furar, kin rame. Ba su ba ku abinci can?"

Wannan ita ce matar da daga baya za a ce ba ta iya magana ba.

Ni'imatu ta koma da amsar yadda aka ba ta. Da wata ya ƙare aka kira ta tsakiyar da'ira, Abdulhakeem ya ce kamfani yana yi mata fatan alheri a duk inda ta sa gaba, aka yi mata tafi, mai gadi ya karɓi katin wuyanta a ƙofa. Iyali ɗaya. Mu'awiya ya tafa tare da kowa. Ya san layin ya matso kansa, ga matarsa Zulfa ta riga ta saba da a kira ta matar ma'aikaci.

Ya tafi wurin ƙanen mahaifinsa, Baffa Ɗangiwa, wanda shi ne babban gida yanzu, mutumin da bai taɓa rasa karin magana ba duk lokacin da gaskiya ta matse shi.

"Kai wawa na," in ji Baffa. "Wa ka aika ma Atu baƙuwa? Atu da ko mai unguwa ba ta raga mai ba? Mutum guda ad duniya wanda ba ta iya buɗe baki gabanai."

"Wa ke nan, Baffa?"

"Ga ka zamne. Ta taɓa ce maka a'a?"

"Ba ta taɓa ce min komi ba."

"To."

Mu'awiya ɗan fari ne. A gidajen da suka riƙe al'ada irin nasu, uwa tana kunyar ɗan fari: ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. Ya girma, ya yi gemu, ya yi aure cikin gidan, amma in ya shigo Inna Atu sai ta ja mayafi ta juya. In tana son ya ci abinci, sai ta ce wa Zulfa, ko bango, ko saniya, "A ce ma wancan tuwo na sanyi." Mutane suna yaba mata ƙwarai. Suna cewa kunya ado ce. Ba a dai taɓa jin an tambayi mai adon ko yana da nauyi ba.

Tsarin kamfani shi ne sai an ɗauki bidiyon mai fili yana amincewa, a tura Abuja, don kada gobe a ce an ƙwace. Kamfani ne mai tsoron Allah da lauyoyi. Wata Laraba bayan la'asar suka zo: Abdulhakeem da wayarsa, Baffa Ɗangiwa da babbar riga, Zulfa tana leƙe daga bayan labule. Inna Atu ta hango manajan ta gyara zama, ta shirya masa irin furar da ta dama wa Ni'imatu. Sai ta ga wanda ya ratso tsakaninsu ya durƙusa a gabanta, dab da tabarmarta, inda bai taɓa zama ba.

Ta ja mayafi. Ta juya fuska ga bango.

"Inna," in ji Mu'awiya, kalmomin a jere kamar hadda, "kamfani za shi gina shaguna nan. Za a gina miki ɗaki baya, mai kyau. Ɗan lokaci kaɗai za ki kauce. In ba ki yarda ba, ki gaya min."

"Ɗangiwa," ta ce da bangon, "ka ce ma..."

"A'a, a'a, Atu. Ba ni ad da magana ba. Ga ɗanki nan gabanki. Gaya mai da bakinki."

Ta nemi Zulfa da ido, labule ya sauka. Saniya ma an riga an kai ta can baya. Duk hanyoyin da take bi maganarta ta isa ga ɗanta an toshe su tsaf, saura hanya ɗaya, wadda ba ta taɓa takawa ba. Leɓenta ya motsa. Yatsunta suka murɗe gefen tabarma har kabar ta karye. Waya tana ɗauka.

"Inna, kin yarda?"

Tirela ta wuce, ta girgiza kwanukan da ke jere a ɗaki.

"Alhamdu lillahi," in ji Baffa, ya shafa. "Ta yarda."

Abdulhakeem ya sauke wayar. "Amma fa ba ta ce komai ba."

"Kai baƙo na, yaro. Ƙasar ga mace mai tarbiyya ba ta cewa na yarda. Shiru shi a yarda. Ko wurin aure ba haka malamai sunka ce ba?"

Abin da malamai suka ce a kan budurwa ne. Inna Atu tana da jikoki, haƙoranta na gaba sun yi sallama tuni. Amma fatawa ta yi wa manaja daidai kamar an auna, ya ce a sake faɗa a gaban waya, Baffa ya sake faɗa da ƙarin larabci. Sauran abin da Abuja ke buƙata Baffa ya wadatar a matsayinsa na babban gida.

Washegari da hantsi Inna Atu ta iske shi zaure, bakinta ya dawo.

"Ɗangiwa, ban yarda ba. Ka san ban yarda ba. Allah ya gani."

"Yanzu kika faɗi? Jiya ina bakin yat tafi? Ke so kike a kore shi aiki, a yi mai tafi awa ɗiyar nan? A ce uwa ta tozarta ɗan fari gaban baƙi? Atu, ki ji tsoron bakin duniya. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yas."

Ta bi gidajen maƙwabta. Kowa ya saurara, kowa ya girgiza kai, kowa ya ba ta haƙuri, abin da ya fi komai araha a unguwar. Wata ta ce ai abin ɗa na uwa ne. Ba ta ce abin uwa na wa ne ba. Wani dattijo ya ce ta sa wa yaro albarka kawai, duniya nawa take. Shi gidansa yana cikin lungu, ba kamfanin da ke sha'awarsa, saboda haka zuhudu bai yi masa tsada ba.

A ofis aka kira Mu'awiya tsakiyar da'ira, wannan karo don alheri. Aka tabbatar da shi, aka liƙa hotonsa a bango a matsayin gwarzon wata, aka ba shi kujera mai juyawa. Abdulhakeem ya ba sababbin ma'aikata labarinsa a matsayin darasi: ga mutumin da ya san al'adar mutanensa kuma ya sa ta aiki. Mu'awiya ya sunkuyar da kai. An ɗauka tawali'u ne.

Shi da Zulfa suka kama haya, ciki da falo, a bayan sakatariya. Da aka zo maganar inda tsohuwa za ta kauce, Zulfa ta dafa ƙirji.

"Wayyo, ni da so samu na ta zamna wurinmu. Amma ina Inna za ta iya? Ban-ɗaki guda, ƙofa guda, da ɗan fari? Ai kunya kashe ta za ta yi. Ni tausayinta nika ji."

Saboda wannan tausayi aka ɗora tsohuwa a mota da ƙunshin kayanta, aka kai ta Kebbe gidan Mu'minatu. Wato gidan suruki. Duk masanan kunyar nan da suka taru ba wanda ya tuna cewa kunyar suruki ta fi ta ɗan fari kaifi, kuma zaman uwa gidan mijin ɗiyarta abin gori ne. Kunya a gidan nan kamar lema take, ana buɗe ta ne kawai in ruwan zai taɓa mai riƙe da ita.

Lauwali, mijin Mu'minatu, manomi ne, ba shi da mugunta ko ta ƙwayar gero. Ya kwashe buhunan da ke ɗakin ajiyarsa ya share mata. Amma gidan tsakar gida ɗaya ce, makewayi yana can ƙurya, sai an ratsa gaban ɗakinsa. In yana gida Inna Atu ba ta fitowa. In tana waje shi ba ya shigowa, sai ya tsaya ƙofa yana gyaran murya kamar mai bara a gidan kansa. Ya koma cin tuwonsa a dakalin maƙwabci. Ta ji labari, abin ya ƙara mata nauyi. Ta rage cin abinci don kada a ce ta zo cinye rumbun suruki. Sannan ta rage shan ruwa, don kada ratsa tsakar gida ya kama ta lokacin da yake nan.

"Inna, ki sha ruwa don Allah," in ji Mu'minatu, ga ƙaramin ciki yana wahalar da ita. "Shi fa bai damu ba."

"Shi bai damu ba. Ni fa? Aje nan, in na ji ƙishi ni sha."

Damina ta sauka, hanyar Kebbe ta koma abin da take komawa. Ɗakin ajiya yana yoyo ta kusurwa, ƙwarin hatsi da suka rasa buhunansu suka koma kan tabarmarta. Saniyarta, wadda aka ce an ba wani makiyayi riƙo, sai labari ya zo cewa Baffa ya sayar da ita don kada ɓarayin daji su riga shi. Ya ce taimakonta ya yi. Ƙafafunta suka fara kumbura. Fitsari ya koma yi mata zafi, ba ta gaya wa kowa ba sai da Mu'minatu ta same ta ta dafa bango tana cije leɓe. Ma'aikacin asibiti ya ba da magani ya ce maganin gaske ruwa ne, ta riƙa sha da yawa. Ta ce to. Ta mayar da kofin inda yake.

Mu'minatu ta hau tudun da ake samun sabis ta kira yayanta.

"Yaya, Inna ba ta da lafiya. Yaushe ɗakin ga za shi ƙare?"

"Muna mitin, ni kira ki."

Ba ƙarya yake ba, kullum suna mitin. Gwarzon wata ba ya wuce wata. An cire hotonsa an liƙa na wani, yanzu kuma an ɗora masa neman 'yan hayar shagunan tun ba a yi rufi ba. Yana yawo kasuwa da hoton gini a waya, 'yan tireda suna ce masa, "Mu'awiya, wane shago na ɗakin tsohuwa? Shi nika so, shina da albarka." Ya yi dariyar yaƙe ya wuce. In ya dawo ofis Abdulhakeem ya tambaye shi ko yana zaton fili ɗaya zai ci har ritaya.

Ɗakin bayan an gina shi kam. Mu'awiya da idonsa ya ga an yi masa daɓen kankare mai kauri, an bar rami a bango, an sa ƙofar ƙarfe mai raga. Ya tambayi birkila wane irin ɗakin kwana ne wannan. Birkila ya ce shi dai an ce masa na janareta ne.

Ya shiga ofishin manaja yana murza katin wuyansa. "Ranka shi daɗe, maganar ɗakin tsohuwa."

"Hedikwata ta canja zane. Filaza ba wuta ai kango ce. Ka tura musu saƙo, akwai sashen da ke kula da irin wannan."

Ya tura. Amsa ta dawo nan take, tun bai ɗauke yatsa ba, tana cewa kamfani yana daraja ra'ayinsa. Ya je wa Baffa da maganar, Baffa ya ce, "To mi? Ba tana wurin ɗiyarta ba? Wa ya fi ɗiya mace jinƙai? Kai dai riƙe aikinka." Zulfa ta ce ai iskar ƙauye ta fi yi wa tsofaffi. Mu'awiya ya ji hankalinsa ya ɗan kwanta. Mutum in yana son a lallashe shi, ba ya rasa masu lallashi.

Bayan kaka wani direba ya kawo labari Kebbe cewa gini ya ƙare, har an yi fenti, ranar Litinin babban darakta zai zo daga Abuja ya yanke ƙyalle. Inna Atu ta ji ta bayan zana. Ba wanda ya gaya mata maganar janareta. Ita abin da ta riƙe shi ne an ce ɗan lokaci, an ce ɗaki baya, kuma an faɗa a gaban waya. Ran Litinin ta jira Lauwali ya tafi gona, Mu'minatu ta tafi awon ciki, ta naɗe tabarmarta ta ɗauki buta da ƙunshi, ta ja ƙafa zuwa tasha.

Ta sauka Tambuwal rana ta take. Da ƙyar ta gane wurin. Bene ne hawa biyu, fari fat, an kewaye shi da waya, an kafa rumfuna, masu babbar riga suna zaune a kujeru. Ta hango Baffa Ɗangiwa a layin gaba, yana fifita da takardar gayyata. Mutanen unguwa kuwa suna tsallaken titi suna kallo, don ba a gayyaci waɗanda suka ba da haƙuri ba.

Mai gadin ƙofa, Sirajo, baƙo ne, kamfanin tsaro ya turo shi daga wani gari.

"Baba, ba a bara nan yau. Matsa can."

"Bara? Ubanka am mabaraci. Ɗakina na ciki, baya. Kauce in aje kayana, ƙafafuna ciwo su kai."

Sirajo ya dube ta, ya ga ba ta yi kama da mai taɓin hankali ba. "Wa kika sani a ciki?"

Kafin ta amsa, Abdulhakeem ya hango cunkoso a ƙofa. Jiniyar motocin darakta ta fara tasowa daga wajen tasha. Ya finciko Mu'awiya, wanda aka ba riƙon farantin almakashi. "Je ka share min ƙofar nan yanzu. Ko waye."

Mu'awiya ya taho da sauri, farantin a hannu. Sai da ya iso ya ga ko wace ce. Ta rame har mayafin ya yi mata yawa, ƙafafun sun cika silifa sun tumbatsa. Ita ma ta gan shi. Hannunta ya tafi ga mayafi da kansa, fuskarta ta juya ga ginshiƙin ƙofa.

"Oga Mu'awiya," in ji Sirajo, "tsohuwar nan ta ce tana da ɗaki a ciki. Ka san ta?"

Ya waiwaya. Abdulhakeem yana nuna masa agogo. Baffa ya duƙufa karatun takardar gayyata kamar yau ya fara ganin boko. Kalma ɗaya ake nema, uwata ce, kuma ba al'adar da ta hana ɗa faɗinta. Amma in ta shiga, ɗakin za ta nema, a gaban darakta. Shi kuwa ya riga ya koyi aiki.

"Tambaye ta mana," ya ce, idonsa a kan almakashi. "In tac ce ta san ni, bar ta ta shiga."

Sirajo ya duƙa. "Baba, kin san wannan? Mene ne naki?"

Ta ƙara jan mayafi.

"Baba, magana nake. Ɗanki ne? Faɗi sunansa kawai."

Jiniya ta iso. Sirajo ya ɗaga kafaɗa, ya kama ƙunshinta da hannu ɗaya, ya riƙe ta da ɗayan, ya tsallakar da ita titi a hankali, don shi yana da uwa a garinsu. Shirun da aka ce yarda ce a gaban waya, yau a bakin ƙofa an karanta shi a matsayin a'a, kuma ba a nemi malami ya fassara ba.

Ya zaunar da ita kusa da wata mai tuyar awara. Matan unguwa suka kewaye ta ana sannu, sannu. Wata ta ce, "Kun ga kunya irin ta mutanen da? Ko a nan ba ta faɗi ba. Wallahi irinsu sun ƙare." Aka yi ta jinjina kai. Can ciki aka yi tafi, aka yanke ƙyalle, sai wata ƙara ta tashi daga bayan ginin, baƙin hayaƙi ya fito ta ramin bango, fitilun shaguna suka kama gaba ɗaya da rana tsaka.

"Mi ne ne wancan?" in ji Inna Atu.

Matan suka dubi juna. Mai awara ce ta faɗa, don ita ba ta iya zagaye ba. "Injin wuta na, Inna. Shi anka sa ɗakin baya."

Ta daɗe tana kallon hayaƙin. Sannan ta ce, "Ɗiyata, ba ni ruwa. Cika kwanon." Ta shanye, ta miƙa aka ƙara, ta shanye. Ta goge baki da gefen mayafi, ta sauke shi daga fuskarta. Daidai lokacin Mu'awiya ya fito rakiyar darakta, yana riƙe masa ƙofar mota.

Ta nuna shi da yatsa, ta ɗaga murya yadda take yi in tana ciniki a kasuwa.

"Kun ga wancan mai igiya ga wuya? Mu'awiya sunanai. Mu'awiya. Ma'aikacin kamfani na. Can da na san uwatai."

Wurin ya yi tsit, ban da injin. Wata ta toshe baki, wata ta ce innalillahi. Duk wadda ke wurin ta san abin da ake nufi in uwa ta kira sunan ɗan fari a fili, ba rawar murya, kamar sunan ɗan maƙwabta. Mu'awiya ya ji ta tsallaken titi. Bai taɓa jin sunansa a wannan murya ba, sai da ya ɗan tsaya kafin ya gane nasa ne. Direba ya ce masa ya saki ƙofar.

Lauwali ne ya biyo sawu da yamma a kan babur, ya tsaya nesa yana gyaran murya, ya sa aka ɗora ta a mota aka mayar da ita ɗakin buhuna.

Unguwa kuwa, wadda ta ga an ƙwace wa tsohuwa ɗaki ta ce haƙuri, ta ga an sayar da saniyarta ta ce ƙaddara, ta ga an tsallakar da ita titi ta ce tarbiyya, a ranar ta samu laifin da ya isa a yi magana a kansa. Har aka yi sallar layya ana zancen a gidajen suna da bakin rijiya. Baffa Ɗangiwa ya ce shi bai taɓa jin abin kunya irin wannan a zuriyarsu ba. Zulfa ta ce tsufa ne, a yi mata uzuri, ita dai ta yafe. Dattijon lungu ya ce alamar ƙarshen zamani ke nan, uwa ta kama sunan ɗan fari a bakin titi, gaban baƙi.

Washegari da safe aka yi da'ira a ofis. Abdulhakeem ya yaba wa kowa, ya ce darakta ya ji daɗin yadda aka tsare ƙofa. Sannan ya ɗaga hannu ya ce, "Mu su wane ne?"

Mu'awiya ya amsa tare da kowa.